Sunan Wadulisi a Kan Dutse

Verna Chuculate ba ta taɓa ɗaukar alƙalami ta rubuta harafin Cherokee, rubutun ƙabilarmu, ko guda ɗaya ba, amma ita ce ta shekara da shekaru tana buga wa cocinmu takardar waƙoƙin Lahadi da harshenmu, da haruffanmu, kuma ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Wanda bai san yadda abin yake ba sai ya ce ƙarya ake yi masa.

An haife ta a wani ɗan gida a bayan rafi, kudu da garin Stilwell. Iyayenta da harshen gida suke hirarsu, amma da sun juyo kan yara sai su koma Turanci. Haka ta taso tana jin komai, har gulmarta da ake yi a gabanta, amma bakinta ya yi nauyi, karatun haruffan kuwa ko kusa. Ba ganganci ba ne. Uwarta, Wadulisi, tana ƙarama aka kai ta makarantar kwana, wata malama ta dube ta sama da ƙasa ta ce daga yau sunanta Agnes, kuma duk ranar da aka ji ta da harshen gida sai an wanke mata baki da sabulu. Ta fito da niyyar babu ɗanta da zai ɗanɗani sabulun nan. Agnes ɗin kuwa ta manne mata, a takardar aure, a katin asibiti, a bakin maƙwabta. Mutum ɗaya ne bai taɓa kiranta da shi ba, mijinta Watt, mai karanta mana Littafi Mai Tsarki da harshenmu tun kafin a haifi rabin 'yan cocin.

Verna ta yi ƙuruciyarta a kamfanin kaji, tsaye cikin sanyi tana zare ƙashi daga tsoka har wuyan hannunta ya ce bai san zance ba. Ta yi aure, auren bai yi ƙarko ba, ta dawo gida. Da aka sallame ta daga kamfani sai faston wancan lokaci ya nuna mata wata tsohuwar kwamfuta a ɗakin bayan coci, wadda ɗansa ya sa wa haruffanmu kafin ya tafi soja. Kana danna maɓallin Turanci, sai harafin Cherokee ya fito a allo. Verna ta zauna da littafin waƙoƙi a cinya, tana duban siffa tana neman maɓallinta, har yatsunta suka haddace. Daga baya ma ba ta duba littafin sosai. In aka rera mata baiti, yatsun su suke tafiya da kansu. Watt yakan karɓi takardar ya kai ta kusa da hanci, ya bi ta layi-layi, ya ce, "Hannunki ya fi kanki ilimi." Ita kuma ta ɗauki wannan a matsayin yabo, don a bakin Watt yabo ne.

Da Wadulisi ta kwanta ciwon ajali ba ta bar wasiyyar gona ko ta ɗan kunne ba. Abu ɗaya ta roƙa, kuma a wurin Verna ta roƙe shi, don ita ce mai kwamfuta.

"Kar ku bar Agnes a kaina," in ji ta. "Na ɗauke ta tsawon rai, ta ishe ni. Ku sa sunana, da rubutunmu, yadda babanki zai karanta."

Aka yi jana'iza da kaka, masu binnewa suka kafa ɗan allon gwangwani na wucin gadi, kuma me za su rubuta in ban da abin da ke takarda? Agnes. Duk zuwan da Watt zai yi maƙabarta sai ya juya allon baya.

Shi ma ɗin ba lafiya ce da shi ba. Ciwon suga ya ci idonsa har ya koma karatu da gilashin ƙara girma, kuma tun rasuwar matarsa kansa ya fara zamewa. Yau ya sa takalmi a firji, gobe ya tambayi wani da ya mutu tun Verna na goye. Abin da bai taɓu ba shi ne karatun. Verna tana gani, tana kuma sane cewa wannan ma lokaci ne. In dai Watt zai karanta sunan matarsa a kan kabarinta, to bana ce, a ranar ƙawata maƙabarta ta watan Mayu, ranar da kowa ke dawowa daga Tulsa da Kansas da ko'ina ya tsaya a kan nasa. Baɗi kam ba ta da tabbas zai gane ko ita kanta.

Ta yi ta sayar da abinci a bakin coci duk kaka da sanyi har ta haɗa abin dutse. Ta samu wani Bature mai sassaƙa a tsallaken iyaka, a jihar Arkansas, ta buga sunan a kwamfutar coci, haruffa huɗu, ta kira Watt ya zo ya duba allon da gilashinsa. Ya daɗe yana kallo.

"Ita ce," ya ce.

Ta aika ta imel. Mai dutsen mutum ne mai tsantseni, ya mayar mata da fayil ɗin ya ce ta sake dubawa, don abin da ya hau dutse ba ya sauka. Ta buɗe a kwamfutar coci, ga sunan nan raɗau yadda ta buga shi. Ta ce a ci gaba.

A makon bikin aka kawo dutsen aka kafa, tana can ta kai Watt asibiti. Washegari da hantsi ta tafi ita da Jolene, 'yar ƙanwar uwarta, wadda suka yi zaman kamfanin kaji tare. Jolene ce ke tuƙa a-kori-kurar tana ta surutu. Tun daga ƙofar maƙabarta suka hango dutsen, ruwan toka, yana sheƙi. Verna ta sauka da sauri har ta manta ƙofar motar a buɗe. Da ta zagayo gabansa sai ta tsaya cak.

An sassaƙa W, sai 6, sai k, sai R. An yi su da zurfi, an goge su da kyau.

"Kai, ya yi kyau!" in ji Jolene daga baya. "Inna ta samu gida. Ke, lafiya? Kin yi kamar an ce miki kamfani na nemanki."

"Ba shi ba ne."

"Mene ne ba shi ba?"

"Sunan. Wannan ba sunan kowa ba ne, Jolene. Abin da na danna ne."

Jolene ta matso ta karkata kai. Ita ko siffofin ba ta sani ba. "To ai rubutunmu haka yake, da su W da su R a ciki. Ko ba haka ba?"

Verna ta zauna daɓas a kan ciyawa.

Ko gida ba su biya ba, suka miƙe Arkansas. Mai dutsen ya fito da ƙura fari fat a gemunsa, ya saurare ta har ta gama, bai ɗaga murya ba. Ya shigar da su ofis ya buɗe saƙonta a tasa kwamfutar, ya juyo mata allon. W, 6, k, R.

"Abin da kika turo ke nan, Madam. Na mayar miki, kika ce daidai ne."

"A wajena ba haka ya fito ba!"

"Ni dai na taɓa ganin rubutunku a allunan titi a Tahlequah. Na ga akwai D, akwai W, akwai mai kama da huɗu. Na ɗauka haka abin yake, wa zan tambaya?"

"To ka gyara. Don Allah ka gyara kafin Lahadi."

Ya girgiza kai. Sai an tumɓuke dutsen, a dawo da shi, a kankare fuskar gaba ɗaya, a sake gogewa, kuma mai injin gogewar yana wani gari da layin mutane a gabansa. Ko an yi duk wannan, injinsa bai san haruffan ba. Verna ta ce za ta tsaya ta taya shi aikin, ta ce za ta kwana a shagon, ta ce masa mahaifinta ba shi da wata shekarar. Har ta kama hannun rigarsa, abin da ba ta taɓa yi wa baƙon namiji ba. Mutumin ya ji tausayi, an ga alama, amma tausayi bai kawo injin ba. Ya ce ta samo masa haruffan yadda za su buɗu a wajensa, ya yi mata alkawarin kafin ƙarshen bazara.

A hanyar dawowa Jolene ta ce, "Da ni ce da na fasa masa allon nan a ka."

"Me ya yi? Ni ce na ce daidai ne."

Washegari ta tafi Tahlequah, ofishin masu kula da harshe. Wani mutum mai furfura a gefen kunne, Delbert, ya ja mata kujera. Yana jin farkon labarin ya dafe kai, don ba ita ce ta fara zuwa masa da irinsa ba.

"Kwamfuta ba ta san harafi ba, 'yar uwa, lamba ta sani," ya ce. "Kowane harafi da lambarsa. Waccan ta cocinku ba ta da lambar namu. Haruffan Turanci ne aka sa wa rigarmu. A ɗakinku suna sanye da rigar, da sun fita waje sai su tuɓe."

"Shekara nawa ina bugawa..."

"Turanci kike bugawa, kina ganin Cherokee. A takarda ba wanda zai gane, shi ya sa ba ki taɓa sani ba. Yanzu kowane harafi namu yana da tasa lambar da duniya ta amince da ita, an daɗe da yi ma, labarin ne bai kai kowane coci ba."

Ya buga sunan a gabanta ta sabuwar hanya, ya aika wa mai dutsen da hotonsa a haɗe, ya ce zai zo da kansa ya gyara kwamfutar coci. Mutumin kirki ne, ya yi duk abin da zai iya. Verna ta yi godiya ta fito, ta zauna a mota ta kifa kai a sitiyari. Yanzu ta fahimci komai sarai, kuma dutsen yana nan yadda yake.

Ranar Asabar ake aikin maƙabarta. Maza na yankan ciyawa, mata na kwashe tsofaffin furanni, ana zuba sabuwar ƙasa a kan kowane kabari a tada masa tudu. Verna ta riga kowa zuwa da buhun siminti ƙarami. Ta kwaɓa ta cusa a ramukan haruffan, ta ce in sun toshe ko da fenti a rubuta na gaskiya a kai. Simintin ya ƙi kama dutsen da aka goge, ya riƙa zubowa yana ɓata fuskar, ta koma wankewa da tsumma tana kuka tana zagin kanta. Ta sa kafaɗa ta tura ko zai faɗi ta ce iska ce, ko gezau bai yi ba. Jolene ta iske ta a haka, gwiwoyi duk laka.

"Tashi, kar mutane su ce kin zautu," in ji ta. "Wa zai gane? Ni ban gane ba, fasto ba zai gane ba, 'yan Tulsa kuwa ko sunansu aka rubuta ba su sani ba."

"Edoda zai gane," in ji Verna. Haka take kiran babanta da harshen gida.

"Kawu Watt da ba ya ganin hancinsa? Mu lulluɓe shi da furanni, ya tsaya daga nesa, a yi waƙa, a tafi cin abinci. Kafin ya waiwayo an gyara."

Haka suka yi. Suka ɗaura wani ƙaton kambin furannin roba a fuskar dutsen da waya, suka jera na takarda a gindinsa.

Da la'asar ta koma gida da niyyar faɗa masa gaskiya. Ta same shi a baranda ya fito da farar rigarsa ya rataye a ƙusa, yana goge gilashin karatunsa da gefen zanen tebur. Yau kansa garau, ya san ranar, ya san ta.

"An kawo?" ya tambaya.

"An kawo, Edoda."

"Ya yi kyau?"

"Dutsen ya yi kyau."

"To madalla. Gobe zan cire gwangwanin can in jefa a rafi." Ya yi 'yar dariya, irin wadda ba ta ji ba tun kaka. Sai ta fasa faɗa masa. Ta shiga ciki ta hau dakan gyaɗar daji ta yin kanuchi, kununmu na biki, tana daka da ƙarfin da aikin bai buƙata ba.

Lahadi gari ya waye tas. Motoci har bakin titi, tebura a ƙarƙashin itatuwa, ga albasar daji da ƙwai, ga burodin wake, ga naman alade na soyuwa a babbar tukunya. Bayan sujada aka fito cikin jerin gwano ana waƙa, kowane gida ya ware zuwa nasa. Verna na riƙe da gwiwar hannun Watt. Da suka kusa ta tsayar da shi.

"Ga shi nan, Edoda. Ka ga furannin? Jolene ce ta..."

"Furanni na zo gani?" Ya zare hannunsa. Ya taka da kansa, ya dafa kan dutsen, ya durƙusa da ƙyar. Ya lalubi wayar ya kwance ta a hankali kamar yadda yake kwance ƙugiyar kifi, ya ajiye kambin gefe. Jolene ta buɗe baki, Verna ta riƙe mata hannu. Babu sauran dabara.

Ya ɗora gilashin, hasken rana ya hana shi gani, sai ya ajiye ya sa yatsa. Ya bi na farko. Ya bi na biyu. Ya koma na farko. Ya bi duka huɗun har ƙarshe, ya sake dawowa, leɓensa na motsi ba sauti. Sannan ya yafito ta da hannu, ta durƙusa kusa da shi. Fuskarsa ta yi wani iri, irin ta yaron da ya ɓata a kasuwa.

"Verna," ya ce ƙasa-ƙasa, "kar ki faɗa wa kowa. Ya tafi."

"Me ya tafi?"

"Karatun. Na farkon na ji kamar na san shi, amma ba nan ne wurinsa ba. Sauran ban san su ba. Sunan uwarki ne a ƙarƙashin hannuna, ban gane shi ba. Jiya fa ina da shi."

Da ta yi shiru da shi ke nan, ba wanda zai taɓa sani. Jolene ma ido take yi mata. Amma ba za ta iya barin tsohon nan da wannan ba.

"Ba kai ba ne, Edoda!" Muryarta ta fita har na kaburburan kusa suka juyo. "Dutsen ne. Ba rubutunmu ba ne, Turanci ne, shirme ne. Kwamfutar ce ta... ni ce na aika. Ba sunanta ba ne sam. Za a gyara, wallahi za a gyara, sai dai ba yau ba."

Ya saki wani dogon numfashi.

"Ashe dutsen ne ya tsufa, ba ni ba," ya ce. Jolene ta yi dariya da hawaye a fuska. Shi bai yi ba. Ya dubi inda dutsen yake. "To yau ma ba a kira ta da sunanta ba ke nan. Kowa an kira nasa."

"Kafin ƙarshen bazara, Edoda."

"Bazara," ya ce, kamar sunan wani gari mai nisa. Ya ja gwiwa ya juya ga tudun sabuwar ƙasar da aka tada jiya, ya kawar da furannin takarda, ya shafe wuri da tafin hannu har ya yi sumul. "Matsa. Ba sai da injin ba."

Ya kafa yatsa ya ja Ꮹ, wato wa, babba, a natse, yadda yake yi wa 'yan makarantar Lahadi a allo. Ya matsa ya ja Ꮪ, wato du. Mutane sun fara taruwa a bayansu. Ya matsa wuri na uku, ya ɗora yatsa, ya tsaya.

Verna na jin waƙar da ake yi a can ƙarshen maƙabarta. Yatsan bai motsa ba.

"Li ne, Edoda," ta raɗa masa.

"Na san li ne. Yaya yake?"

Ya fara wata lanƙwasa, ya goge. Ya ja tsaye, ya goge. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Bari in ɗauko littafin waƙa, yana ciki," in ji Jolene.

"Kar ki ɗauko!" Bai taɓa daka mata tsawa ba sai ran nan. "Matata ce. Ba zan kwafe ta daga littafi ba." Ya lalubo hannun Verna na dama, ya kama wuyan hannun nan mai ciwo, ya ɗora a kan ƙasar. "Ke rubuta. Ke ce kike buga shi kullum."

Ta rufe ido. Ta ga harafin nan sau dubu, a kowace waƙa yana nan, in aka nuna mata shi cikin ɗari za ta tsamo shi. Ta kira shi ya zo, ta roƙe shi, bai zo ba. Babu komai a bayan idonta sai jan hasken rana. Hannunta ne kawai ya san wani abu. Yatsanta na tsakiya ya ɗaga da kansa, ya sauka sau ɗaya kamar a kan maɓallin kwamfuta, ya bar ɗan rami a ƙasa.

Watt ya kai nasa yatsan ya lalubi ramin. Ya daɗe yana shafa bakinsa, yana jira ta ci gaba.